Mudun Saye Daban, Mudun Sayarwa Daban

Duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar albashi, da duk ɗalibin da ya taɓa ƙirga guzurinsa na zango, ya san cewa a bakin mudu ake yanke darajar kuɗinsa. Gwamnati tana iya ƙara albashi, kamar yadda ta yi bayan rahoton Udoji na 1974, amma idan mai awo ya daki gindin mudunsa ya shige ciki, ko ya rage bakinsa, to ƙarin ya koma aljihun wani tun uwargida ba ta ɗora tukunya ba. Mun san dillalan da ke da mudu biyu, ƙato na saye daga hannun manomi ran kasuwar ƙauye, da tsukakke na sayarwa a birni. Mun san manjan da aka rina, da shinkafar gida da aka ɗura a buhun 'yar waje. Wanda aka cuta kuwa, iyakarsa ya ce Allah ya isa, ya kama hanyar gida.

Abin mamaki shi ne yadda wasu 'yan boko ke ɗaukar zancen haƙƙin mai saye tamkar baƙon abu da Turawa suka kawo. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu, watau Suratul Muɗaffifina, kuma a kan wannan laifi ne Annabi Shu'aibu ya yi ta gargaɗin mutanen Madyana. Almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa wanda ya sayi kaya, daga baya ya ga aibin da aka ɓoye masa, yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Amma ga shi 'yan kanti na buga wa rasiɗinsu cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, su miƙa mana da fara'a, kamar su ne alƙalai.

Gwamnatocin soja sun gwada hanyar da ta fi sauƙi. A 1970 aka kafa dokar ƙayyade farashi, aka sabunta ta a 1977, a 1984 kuwa har sojoji suka riƙa buɗe rumbunan 'yan kasuwa suna sayar da kaya a farashin gwamnati. Sai madara da sukari da sabulu suka ɓace daga kanta, suka koma fita ta ƙofar baya da tsada. A ganinmu an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai saye ba ya bukatar soja ya yanke masa farashi, bukatarsa ita ce abin da aka ce mudu ne ya cika mudu, abin da aka ce magani ne ya zama magani. Wannan na biyun ba wasa ba ne. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Badun bayan sun sha gurɓataccen ruwan farasitamol, a 2008 kuma maganin haƙori na My Pikin ya fara kisa, har ya ci rayukan yara fiye da 80.

Yanzu dai akwai doka. Majalisar kare masu saye da aka yi wa doka a 1992 ba ta soma aiki ba sai 1999. A 2019 aka maye gurbinta da hukumar FCCPC, mai haƙora fiye da ta da. Dokar ta wajabta a bayyana farashin kaya, ta hana tallar yaudara, ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsawwala farashi, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke jikin kaya ya saɓa da wanda ake karɓa wurin biya, a Yulin shekarar kuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220. Madalla, mun yaba. To amma mutum nawa ne cikin danginmu ke tura keken sayayya a kantin Abuja? Da Turanci aka rubuta dokar, ta intanet aka fi kai ƙara, alhali gyatumar da aka tauye wa tiyar gero ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai wani ƙulli kuma. Tsarin mulki ya sa dokar awo da ma'auni a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, kasuwanni kuwa ya damƙa su ga ƙananan hukumomi 774. Mai ikon duba sikeli yana nesa, wanda ke kusa kuma ba abin da ya sani sai yankar tikitin rumfa. Muna kira ga Tarayya ta fitar da mudu ɗaya mai hatimi, wanda aka san nauyin gero da masarar da yake ci, a ajiye shi tare da sikeli a rumfar Sarkin Kasuwa, duk mai shakka ya je ya sake awo kyauta. Ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin rumfa kowace ran kasuwa ba za ta ce sikeli ɗaya ya fi ƙarfinta ba.

Ƙungiyarmu ma tana da nata rabon aikin. Muna da sashen shari'a, muna da sashen harsuna. Su haɗa kai su juya muhimman sassan dokar 2019 zuwa Hausa, da boko da ajami, a shafi biyu kacal, a raba a masallatan Juma'a da tashoshin mota. Muna roƙon majalisar ɗalibai ta sa wannan a kasafinta na zango mai zuwa, ko da za a rage kuɗin liyafar bankwana.