Kamin jirgin ƙasa ya iso Maradi



Ran 3 ga Fabrairu 2023, da dare, jirgin ƙasa na kamfanin Norfolk Southern ya goce daga kan dogo a garin East Palestine, cikin jahar Ohayo ta Amurka. Tarago 38 suka kife, 11 daga cikinsu ɗauke da magunguna masu guba. Ƴan kwana-kwana suka yi ta fama da wuta kusan awa guda ba su san abin da ke ci ba, domin takardar kayan ba ta iso hannunsu ba. Bayan kwana 3, mahukunta suka tashi jama'a, aka huda tarago 5 na sinadarin da ake yin roba da shi, aka ƙone. A 2024 hukumar bincike ta ce ƙonawar nan ba ta zama dole ba.

Mi ya haɗa mu da wannan labari? Dogon Kano zuwa Maradi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ƴan kasuwa na lissafin riba, kuma suna da gaskiya. Amma jirgin da ke ɗauko hatsi shi ke ɗauko fetur da maganin ƙwari.

Don haka muke tambayar gwamna da magajin gari: ran da tarago ya kife, wa ke riƙe da takardar kaya? Wa zai ba da umurnin tashin unguwa, kuma ina za a kai mutane? A rubuta amsa tun yanzu, a gwada ta. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta. Mu shafa wa namu ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.