Daɓen da ke Tsakaninka da Ɗan Haya, Haƙƙi ne a Wuyanka

Yanzu a Luggere da Jambutu da Nassarawo 'yan uwanmu da dama sun ɗora bene, iyali a sama, ƙasa kuma a ba 'yan haya. Ɗakin cikin ƙasa ba namu ba ne a Jimeta, ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 sun ishe mu darasi. To amma ƙorafin da ya fi zuwa teburin ƙungiya shi ne na ƙara: daka tun asuba, guje-gujen yara, jan kujera da janareta.

A ganina, toshe wannan ƙara aikin mai gida ne. Wanda ya karɓi kuɗin haya, har da barcin ɗan haya ya sayar masa. Kuma mu tuna, in shi yana jin turminka, kai ma ana jin maganar ɗakinka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa, kuma tun 2009 akwai dokar hana yawan ƙara a hannun hukumar NESREA. Kafin su duka, addini ya riga ya faɗa mana haƙƙin maƙwabci.

Wani zai ce ina kuɗin? Ba sai an fasa gini ba. Siminti yana ɗaukar bugu ya kai shi ƙasa, don haka daga sama ake fara magani. A shimfiɗa kafet mai kauri da roba ko soso a ƙarƙashinsa. A sauko da turmi tsakar gida. A ɗora janareta bisa tsohuwar taya, nesa da taga. Mai hali ya sa silin a ɗakin ƙasa, ya bar tazara tsakaninsa da simintin, a toshe duk kafar da bututu ko waya suka bi.

Ɗan haya ma da nasa. Kafin ka biya, shiga ɗakin da dare ka saurara. A rubuta lokacin daka da na kashe janareta cikin takardar yarjejeniya. Wanda bai iya karatu ba ya kawo ta ajin yaƙi da jahilci mu duba tare.

Sashe na 43 ya ba mu ikon mallakar gida ko'ina a Najeriya. Amma kun san halin zamanmu: rigimar mutum biyu, gobe a ce Hausawa ne. In an samu saɓani, a fara da mai unguwa ko ofishin ƙungiya kafin kotu. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya, Jimeta