Ciwon sukari a Matamaye: jini ɗaya, mudu uku

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen gero a ƙauye ya kawo shi Matamaye ya san ba a yanke ciniki sai an ga tiyar da za a yi awo da ita. Haka kuma wanda ya saba ƙetare Ɗan Barto ya nufi Daura ko Kano, idan aka ce masa “ɗari biyar”, tilas ya tambaya: na naira ko na sefa? In ma na sefa ne, dala ake nufi ko tamma? Wannan ilimi a jinin mutanen garin yake, ko yaron kanti ba a koya masa shi sau biyu. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba a iya cutarsa da dala ɗaya wajen canji, shi ne zai soki yatsansa da safe, na'ura ta nuna masa lamba, ya karɓa haka nan, bai tambayi da wane mudu aka auna jininsa ba.

Ciwon sukari, wanda ma'aikatan asibiti ke kira diyabet, a da ana ce masa ciwon Alhazai. Yanzu ya bar gidan Alhaji ya shiga gidan malamin lakwal, da na direba, da na mai tuyar ƙosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da shi sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma a Afirka fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Asalinsa, jiki ne ke kasa samar da insulin, ko ya kasa amfani da wanda ya samar, sai sukarin abinci ya taru cikin jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Daga nan sai ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Amma sau da yawa yakan yi shekaru shiru, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa kamar yadda gara ke cin azara. Shi ya sa ba a dogara da yadda mutum ke jin jikinsa, sai an auna.

To, a nan gizo ke saƙa. A asibitocin Nijar, daga na gunduma da ke Matamaye har zuwa babban asibitin Damagaram, bisa tsarin Faransa aka saba rubuta sakamako, wato gram a cikin lita. Wanda aka auna shi bai ci kome ba tun dare, aka sami gram 1,26 ko fiye, aka sake awo wata rana aka sami haka, shi ne ake cewa yana da ciwon. Amma na'urar da ake saye a riƙe a gida, musamman wadda ta biyo hanyar Kano ko wani ɗan'uwa ya aiko daga waje, ba da wannan mudu take magana ba. Wata takan nuna 126, da ƴan baƙaƙe mg/dL a gefe. Wata kuma takan nuna 7,0 da mmol/L. Alhali kuwa 1,26 da 126 da 7,0 duk jini ɗaya ne, kamar yadda jika ɗaya da dala 200 da tamma 1000 suke kuɗi ɗaya. Canjin bai fi ƙarfin kowa ba. Mai na'urar mg/dL ya raba lambarsa da 100, ya sami gram ɗin likita. Mai mmol/L ya ninka tasa sau 18 tukuna, sannan ya raba da 100.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan lissafin ƴan lakwal ne kawai. A ɗauka ga mutum, majo ya gargaɗe shi cewa in sukarinsa ya kai gram 3 to ya shiga haɗari. Wata rana da hantsi ya ji jiri da gumi da rawar hannu, ya ɗauko na'urarsa mai mmol/L, ta nuna masa 3,5. Sai ya ce wayyo, ya ma wuce 3 ɗin da aka ce, ya ƙara ƙwaya ko ya ƙara allura. Alhali 3,5 a wannan mudu gram 0,63 ne kacal. Sukarinsa faɗuwa ya yi, ƙasa da 0,70 da likitoci suka sa iyaka, abin da yake bukata a lokacin shi ne ƙwayar sukari uku ko rabin kofin lemu, ya dakata minti 15 ya sake awo. Maganin da ya ƙara yana iya kai shi ga suma, har ma abin da ya fi suma. Hawan sukari yakan ɗauki lokaci kafin ya yi ɓarna, amma faɗuwarsa cikin awa ɗaya take kayar da mutum. Ya kamata uwargida da yaron kanti su san alamominta, su kuma san cewa wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa kome a baki, asibiti ake rugawa da shi.

Irin wannan tarko yana nan a allurar insulin. Akwai kwalba mai lamba 40, akwai mai lamba 100, wato yawan maganin da ke cikin mililita ɗaya, kuma kowace da sirinjinta. Wanda ya ja maganin kwalbar 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Mutumin da ke sayen kwalba a gari ɗaya, sirinji a wani gari, shi ne ya fi kusa da wannan rami.

Ita na'urar kanta ba ita ce ke cin kuɗi ba, tsinken awo ne, abin nan da ake ɗiga wa jini, wanda a farmasi ake kira bandelet. Sau ɗaya ake amfani da kowane, ana sayar da su 25 ko 50 a gwangwani, kuma na Accu-Chek ba ya shiga OneTouch. Gidaje da yawa akwai na'ura sabuwa fil a cikin akwati, kyautar ɗa ko suruki, ta zama kayan ado domin babu tsinkenta ko a Damagaram. Mai hankali yakan fara tambayar wane tsinke ake samu kusa, sannan ya sayi na'urar da ta dace da shi. Ba a sayen akala kafin a ga raƙumi.

Kusancin iyaka ni'ima ce ga Matamaye, amma ga mai ciwon da ba ya hutu yana da nasa sharaɗi. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, kuma a wancan karon har da wutar lantarkin da ke shigowa jihohin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina aka yanke. Dattawa kuma ba su manta da Janairu 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, kuɗin maganin waje ya yi tsalle dare ɗaya. Shinkafa in ta yi wuya ana komawa gero. Insulin ba ya da madadi. Tsarin magani kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, bai haɗa da babban mutum mai ciwon sukari ba. Saboda haka wanda ke da hali, ya riƙa ajiye na wata ɗaya a gaba, yana duba ranar lalacewa a jikin kwali. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya fitar da kuɗin magani ranar da albashi ya sauka, kafin na cefane da na biki. Shan ƙwaya kwana 20 a bar kwana 10 saboda wata ya yi nisa, yaudarar kai ce.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, da rana takan wuce digiri 40, tsinken awo kuwa yawanci an rubuta a jikinsa kada ya wuce 30. Wanda ya bar gwangwaninsa a gaban mota ko cikin jakar babur, ko ya bar murfin a buɗe, zai ci gaba da samun lamba, amma lambar ƙarya. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firiji, ba gidan ƙanƙara ba, domin in ya daskare ya mutu. Wanda aka riga aka buɗe, a nan akwai labari mai daɗi. A 2021 ƙungiyar likitocin MSF da jami'ar Janeba sun bayyana sakamakon binciken da suka yi bisa zafin sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda suka ga kwalbar da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har sati 4 a zafin da ke kai da kawowa tsakanin digiri 25 da 37. Abin da ya rage shi ne a hana ta wuce haka, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi tsakani, a inuwa inda iska ke bi. Wani malami a jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa ta ga manoma masu ajiye tumatir. Abin da ya tsare tumatir zai tsare kwalbar magani, muddin an sa ta cikin leda kada ruwa ya taɓa ta.

Awo ba tare da rubutu ba kamar ba da bashi ne babu littafi. Kaye guda ya isa: rana, lokaci, lamba da mudunta, da abin da aka ci. Wanda ba ya iya awo kullum saboda tsada, gara ya yi sau biyu ko uku a sati yana sauya lokaci, yau kafin karin kumallo, jibi awa 2 bayan abincin rana, da ya ƙare gwangwani cikin sati biyu ya zauna wata uku a duhu. Mai allura dai bukatarsa ta fi haka, likitansa ne zai tsara masa. A Turai tun 2014 akwai ɗan maɓallin da ake mannawa a dantse yana karanta sukari dare da rana har kwana 14, amma kowane sati biyu sai an sayi sabo, kuma wannan ba cinikin kowa ba ne. Kayen jika ɗaya, in an riƙe shi da gaskiya, yana gaya wa likita abin da yake bukata. A manyan asibitoci kuma akwai awon da ake kira HbA1c, wanda ke tona asirin wata uku da suka wuce, ko da mutum ya yi kwana biyu yana kame baki don ya burge likita.

Kayen ne kuma ke raba gardamar abinci. Ƙasar Kance ƙasar rake ce, daga fadamun Dungu ake lodinsa zuwa garuruwa, kuma da kaka ta yi ba wanda ke zama hannu sake. Amma sandar rake ɗaya ba ita ce babbar abokiyar gaba ba. A duba shayin fada, zagaye uku, kowane ya fi na baya zaƙi, safe da yamma, shekara da shekaru. A duba lemun kwalba da ake tarbar baƙo da shi, da furar da aka zuba wa sukari, da tulin shinkafa da rana a biro, sannan a hau babur zuwa masallacin da ke bayan gida. Ba a ce mutum ya bar tuwo ba. Malmala ce za a rage, a ƙara miyar kuka ko kuɓewa, da wake, da kwaɗon zogale ko rama, a kuma taka ƙasa da ƙafa rabin awa a rana. Wanda ya auna kansa awa 2 bayan fura, ya sake aunawa wata rana bayan ɗanwake, ya ga bambancin da idonsa, ba ya bukatar wa'azi.

Fada kuwa tana iya zama magani, tana iya zama cuta. Abokan zama su ne ke sanin farmasin da tsinke ya iso, su ne ke ba mai tafiya Damagaram saƙo, su ne kuma za su iya ware wa abokinsu kofinsa kafin a zuba sukari ba tare da an mayar da shi abin zolaya ba. Yanzu zaman ya bi mutane har cikin aljihu, ana turo saƙon murya ta WhatsApp daga Kano da Yamai da Makka. A ciki akwai nasiha, akwai kuma mai rantsuwa cewa garinsa yana raba mutum da ciwon cikin kwana 40. Har yau babu garin da aka tabbatar yana haka. Ɓarnar ba a shan ganye take ba kawai, a ajiye metformin ko allura take, domin an ji sauƙi. Yaro ko saurayi mai nau'in ciwon da ba ya rayuwa sai da insulin, in aka tsayar masa da allura kwanaki kaɗan sun isa. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, irin waɗannan yara ba su daɗewa.

Watan azumi shi ne babban gwaji. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa sukar yatsa don awo ba ta karya azumi. Likitocin da suka nazarci al'amarin sun ce wanda ya ga ƙasa da gram 0,70 ko sama da gram 3 ya sha ruwa nan take, ko da saura minti 10 a kira magariba. Mai shan glibenclamide da mai allura su ne suka fi shiga haɗarin faɗuwar sukari da la'asar, don haka tun cikin Sha'aban ake zuwa a gyara musu lokacin magani da yawansa.

Ranar zuwa asibiti, ban da karne, a tafi da kayen, da ita na'urar, da gwangwanin tsinke, da kwalbar insulin haɗe da sirinjinta, a ɗora su kan tebur majo ya gani da idonsa. A roƙe shi ya rubuta a bangon kayen, da manyan baƙaƙe, lambar da ba a so a sauka ƙasa da ita da wadda ba a so a wuce, cikin mudun na'urar da ke gidan. Kafin a tashi kuma a cire takalmi a nuna masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko da bai tambaya ba.