Martani Ga Masu Cewa Allurar Korona Tana Ɗauke Da Maganaɗisu

Tun shekarar 2021 ake yawo da wani zargi a WhatsApp, wai an cusa wa allurar rigakafin korona wani furotin mai suna Magneto domin a riƙa juya ƙwaƙwalwar mutane daga nesa. Masu zargin suna kafa hujja da wani bincike na gaskiya. To, bari mu buɗe wa jama'a binciken da su ba su karanta ba.

Sun ce Magneto yana cikin allurar. A 2016 ne ɗakin binciken Ali Güler na Jami'ar Bajiniya da ke Amurka ya haɗa feritin, furotin mai adana sinadarin ƙarfe, da wata ƙofa ta jikin ƙwayar halitta mai suna TRPV4, haɗin da aka kira Magneto. Manufar ita ce maganaɗisu ya ja feritin, ƙofar ta buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, jijiya ta motsa. Sai da aka soka umarnin gina furotin ɗin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar ɓera, sannan aka saka ɓeran a akwatin da ke da maganaɗisu a jikin bango. Allurar AstraZeneca da ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, da ta Pfizer da Moderna, umarnin gina ƙayar jikin ƙwayar korona suke ɗauke da shi, kuma a dantse ake yin su.

Sun ce feritin ne ke sa cokali ya manne a hannun wanda aka yi wa allura. Feritin yana cikin hanta da saifa da ɓargon kowane ɗan Adam tun yana ciki, shi ne ma likita ke aunawa idan yana zargin ƙarancin jini. Kowane feritin ɗaya yana iya riƙe ƙwayar zarrar ƙarfe har 4,500, amma a siffar da kusan ba ta jin maganaɗisu. Da feritin yana kama cokali, da ba a jira allura ba. Gumi da maiƙon fata ne ke riƙe cokalin. A barbaɗa hoda a wurin a sake ɗorawa, a ji ƙararsa a ƙasa.

Abin da suka ɓoye ya fi abin da suka faɗa. A cikin 2016 ɗin, Markus Meister na jami'ar Caltech ya yi lissafi a mujallar eLife, ya nuna cewa ƙarfin da maganaɗisu zai iya yi wa feritin ya gaza abin da ake buƙata don buɗe ƙofar da ninki dubu ɗari, a wani wajen har biliyan goma. Daga baya ɗakunan bincike uku suka maimaita gwajin Magneto, suka wallafa cewa jijiyoyin ko gezau ba su yi ba. Masu goyon bayan fannin kansu sun koma binciken ko ɓurɓushin ƙarfen da ke fita daga feritin ne yake buɗe ƙofar ta hanyar sinadari. Mutanen da ke kiran masana maƙaryata sun ɗauki takarda ɗaya ta masana sun riƙe gam, sun kau da kai daga huɗu da suka musanta ta.

Batun cewa da turakun 5G za a juya ƙwaƙwalwar daga nesa kuwa bai cancanci dogon bayani ba. Kullum ana shigar da marasa lafiya cikin na'urar MRI, mai maganaɗisun da ke iya fizgo tukunyar iskar oksijin daga ƙarshen ɗaki, da feritin ɗinsu duka a jiki, kuma suna fitowa da hankalinsu.