Mizanin Adalci Ga Marigayi Stephen Keshi

Al'adar masu sha'awar tamaula ce, idan aka zo auna darajar mai horar da 'yan wasa, su ƙirga kofunan da ya ɗaga su yanke hukunci nan take, alhali kuwa ma'abota insafi sun sani cewa ba a yi wa mutum hisabi sai an dubi amanar da aka damƙa masa, da halin da ya tarar da ita, da kuma abin da ya bar wa na baya. Da wannan ma'auni ya cancanta a auna Stephen Keshi, wanda ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016.

In dai yawan kofuna ne hujja, babu jayayya cewa Hassan Shehata na Masar, wanda ya ci kofin nahiyar Afirka a 2006 da 2008 da 2010, da Charles Gyamfi na Gana, wanda shi ma ya ci sau uku, suna gaba da shi, domin shi sau ɗaya ya ci yana koci. Amma fa a dubi yadda aka ci shi. Sa'ad da ya karɓi ragamar Super Eagles ta Nijeriya a ƙarshen 2011, ko gurbin gasar 2012 ƙungiyar ba ta samu ba, rabonta da kofin kuwa tun 1994, shekarar da shi da kansa ya ɗaga shi a Tunisiya yana kyaftin. Duk da sukar jama'a, sai ya waiwayi 'yan wasan gida waɗanda aka daɗe ana rainawa, har Allah ya hukunta ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya zura ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, ya kuma ci ɗaya tilo da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe na 2013. Da wannan nasara ya zama mutum na biyu, bayan Mahmud El-Gohary na Masar, da ya ci kofin yana ɗan wasa, ya sake cinsa yana koci.

Bugu da ƙari, shi ne ya samo wa Togo gurbin gasar kofin duniya ta 2006, abin da ba ta taɓa gani ba a tarihinta, amma aka sallame shi kafin tafiya Jamus aka ɗora Bature, makamanciyar sallamar da ta sami Shu'aibu Amodu har sau biyu a Nijeriya. A 2014 kuma ya kai Nijeriya zagaye na biyu na gasar kofin duniya a Brazil, tun kafin Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe a 2022.

Adalci bai yarda a ɓoye gazawarsa ba: a Mali bai wuce zagayen farko na gasar kofin nahiyar Afirka ta 2010 ba, kuma a hannunsa Nijeriya ta rasa gurbin gasar 2015 tana riƙe da kofin. Sai dai idan aka ɗora wannan a sikeli tare da wancan, alherin ne ke rinjaye nesa ba kusa ba.

Hukuncina shi ne, Keshi yana sahun farko na masu horarwa 'yan Afirka, kuma a cikin 'yan Nijeriya babu wanda ya kama ƙafarsa. Ina kira ga hukumomin ƙwallonmu da su ba kocin gida wa'adi, da albashi a kan kari, da martabar da suke ba baƙo, sa'an nan su yi masa hisabi.