Lemo da ruwan gora a Njamena: ina ake auna aikin kamfani?

Duk shekara daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Njamena, masu butik a Bololo da kewaye kukansu ɗaya ne: an biya kuɗin kaya a depo, amma lemo bai iso ba, ko ya iso bai cika ba. Kamfanoni kuwa da yawan kwalaben da suka fita daga masana'anta suke alfahari. To wannan lissafin bai isa ba.

Sarƙar tana da tsawo. Chadi ba ta da teku, don haka kayan haɗi da kayan gyaran injuna ta tashar Duwala a Kamaru suke shigowa, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800, ko dai ta Kuseri da gadar Ngeli ko ta Mundu. Sukarin gida daga Banda yake zuwa, kusa da Sarh. Kamfanin Brasseries du Tchad na rukunin Castel yana da masana'antu a Farsha da Mundu, kuma duk abin da ya taɓa hanya sai ya taɓa shi. A watan Fabrairun 2024 gwamnati ta ɗaga litar gazuwal daga sefa 700 zuwa 828, kuɗin kamiyo ya tashi. Ambaliyar 2022 da ta 2024 kuma sun yanke hanyoyi.

Ma'auni na gaskiya a ƙofar butik yake. Cikin oda goma, nawa suka iso a ranar alƙawari kuma a cike? Kwana nawa a wata firigo ke zama babu kaya? Nawa ne tsakanin farashin masana'anta da abin da mai saye ke biya? Sai batun kwalba: in kaziye ya yi makonni bai koma ba, jarin ɗan kasuwa ne ya kwanta, injin ma ba shi da abin cikawa.

Ga kuma kuran. Lemon da ya iso amma babu wutar sanyaya shi, sai an ƙara kuɗin ƙanƙara, ribar ta tafi.

Shawara ga 'yan'uwa masu butik: a samu littafi, a rubuta ranar oda, ranar isowa da adadin da ya zo. In masu butik ashirin suka haɗa nasu na wata uku suka kai wa mai depo, dole ya zauna a yi magana kafin azumi ya kama.