Atamfar jabu: wa ake ruɗi, wa ke ruɗin kansa?

Duk shekara in an gama girbin hatsi da wake, kuɗi sun ɗan shigo hannun manoma, sai bukukuwan aure su kankama a Kornaka da garuruwan da ke kewaye da ita cikin gundumar Dakoro. A lokacin ne ƴan kasuwa ke ɗauko turamen atamfa da shadda daga Maraɗi domin masu haɗa lefe. A gefen da yawa daga cikin turamen nan an buga sunan Holan, an manna takarda mai ƙyalli, alhali zanen bai taɓa ganin ƙasar Holan ba. Shi ake kira jabu, kuma ya kamata mu dubi asalinsa, da abin da ke sa mutane suna sayensa.

Atamfar da mata ke kira Holan, kamfanin Vlisco ke yin ta a garin Helmond, inda aka kafa shi a 1846. Shi kansa daga rinin mutanen Jawa, a ƙasar Indonesiya, ya kwaikwayo sana'ar, amma da sunansa yake sayarwa. Shaddar Getzner kuwa daga ƙasar Ostiriya take zuwa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan Turai suka yi tsada, suka fi ƙarfin talaka. Bayan shekara ta 2000 sai masaƙun ƙasar Sin suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da atamfa mai araha, wadda ta riƙa shigowa ta tashoshin ruwa na Lome da Kwatano, ta kai Maraɗi, ta ƙetara har Kantin Kwari a Kano. Wata tana ɗauke da sunanta na gaskiya, wata kuwa an sato mata zane da suna da hatimi.

To, mi ke sa mutum ya saya? Masu saye iri uku ne. Na farko shi ne wanda aka cuta: ya biya kuɗin na gaske, aka ba shi jabu, bai sani ba sai da zane ya zuba a wankin farko. Na biyu shi ne mai neman sutura daidai ƙarfinsa, ya san abin da ya saya, bai kuma ce wa kowa Holan ce ba. Na uku shi ne wanda ya san jabu ne, amma sunan yake so, domin ranar da aka buɗe lefe gaban dangi a ƙirga, a ce an sa Holan kaza. Wannan kunya ce ta kai shi, da tsoron gori, da gasa tsakanin gidaje. Sau da yawa mata masu duba lefen sun fi shi sanin zane, da sun murza shi a hannu sun gane. Sai aure ya soma da raini, ango ya yi hasarar kuɗi da mutunci gaba ɗaya. Hausawa dai sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Waɗansu na cewa: ina ruwanmu da kamfanin Turawa, ai shi mai arziki ne? Amma hasarar ba a Turai ta tsaya ba. Masaƙar Yamai, wadda aka sani da SONITEXTIL, aka sayar da ita a 1997 ta koma ENITEX, ta sha wahalar gasa da kayan waje masu araha. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsai da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Ƙarancin lantarki da tsufan injuna suna cikin dalilan, amma jabu da sumoga sun ba da nasu kaso, har da zanen waɗannan masaƙu aka sata. In masaƙa ta mutu, manomin auduga ya rasa mai saye. In kaya suka shigo ta bayan duwan, baitulmali ya rasa kuɗin gina lakwal da asibiti. Ɗan kasuwa mai gaskiya ma ya shiga uku, tun da masu saye sun daina yarda da maganar kowa.

Saboda haka laifin ba ga araha yake ba. Zane mai araha da aka sayar da sunansa ba abin kunya ba ne, ya suturta miliyoyin mata da yara. Laifin yana ga ƙaryar da aka buga a gefen zane, da wadda ɗan kasuwa ya faɗa da bakinsa, da wadda mai saye ya kai gidan surukai. Wannan algus ne, addini ya hana, doka ma ta hana: Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu ga yarjejeniyar Bangi ta 1977, mai kare sunaye da alamomin kaya.

Ya ku ƴan'uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta abin da ke gefen zane, amma ku tuna shi ma rubutun ana satarsa. Ku juya zanen ku duba: atamfar Holan ta gaske launinta ɗaya ne ciki da baya. Ku dubi farashi kuma, domin Holan ba ta zuwa da kuɗin atamfar gama-gari. Ma'aikatan duwan da na kasuwanci su matsa wa manyan masu shigo da kaya, maimakon mai ƙaramin tebur a ƙauye. Sarakuna da malamai da ƙungiyoyin mata kuwa, su ne ke iya rage nauyin lefe, su sa a daina tambayar sunan atamfa kamin a sa albarka. Ranar da uwar amarya a Kornaka ta karɓi turmi mai araha da hannu biyu, ba tare da gori ba, mai jabu ya rasa babban mai saye. Daidai ruwa, daidai tsaki.